Yadda Ake Tantance Wallafe-wallafen Mai Binciken Kumburi da Auna Tasirinsu

Duk wanda aka ɗora wa nauyin duba aikin wani mai bincike, ko don ƙarin girma, ko ɗaukar aiki, ko bayar da tallafi, lamba biyu aka fi miƙo masa: yawan maƙalu da ma'aunin h, wanda ke haɗa yawan maƙalu da yawan ambato, wato sau nawa wasu maƙalu suka kafa hujja da su. A fagen kumburi waɗannan lambobin sun fi saurin yaudara, domin kumburi ba mallakin sashe ɗaya ba ne. Likitan zuciya yana bincikensa, haka masanin garkuwar jiki, da likitan gaɓoɓi, da na hanji, da mai nazarin ƙwaƙwalwa, da mai harhaɗa magunguna da ke gwada ruwan tsirrai a kan ɓeraye. Kowane rukuni da yawan mutanensa, kowanne da saurin da yake ambaton aikin juna. Ambato 40 a wani lungu babbar nasara ce, a wani lungun kuwa ba a ma ɗaga kai a duba. Saboda haka aikin yana da tsari: a fara tsabtace jerin maƙalun, a rarraba su, sannan a auna, daga ƙarshe a zauna a karanta.

Haɗa jeri mai tsabta

Kada ka fara da shafin Google Scholar na mutum. Fara da lambarsa ta ORCID, wadda ke da alƙaluma 16, an kuma fara bayar da ita tun 2012 don magance matsalar sunaye masu kama da juna. A PubMed, rumbun maƙalun kiwon lafiya da ke intanet, rubuta kalmar orcid, sai lambar, sai alamar [auid]. Wannan ba zai fito da komai da komai ba, saboda tsofaffin maƙalu da dama ba a liƙa musu ORCID ba. Don haka sai ka ƙara bincike na biyu da sunan mahaifi da harafin farko na suna da alamar [au], ka haɗa da sunan jami'a ko asibitin da ya yi aiki da alamar [ad].

A nan ne aka fi yin kuskure. Suna ɗaya yana iya fitowa da rubutu uku, Muhammad da Mohammed da Mohamed, wata mujallar ma ta juya sunan yanka ya koma sunan mahaifi. Wadda ta sauya suna bayan aure tana iya rabuwa gida biyu a Scopus, rumbun da ke ƙirga ambato, kowane gida da nasa ma'aunin h. Mai suna irin Wang Y ko Kim J kuwa, sai ka ga an jibga masa maƙalun mutum goma. Maganin shi ne ka karɓi takardar tarihin aiki daga hannun mai binciken, ka bi ta layi-layi kana gwada ta da abin da ka samu. Maƙalar da ke cikin takardarsa amma babu ita a PubMed ko Scopus ko Web of Science, ka ware ta gefe da alamar tambaya. Ba lallai ƙarya ba ce, wataƙila mujallar ce ba a saka ta a waɗannan rumbunan ba, amma sai an duba.

Idan jerin ya kammala, danna Save a PubMed ka sauke shi sau biyu: ɗaya a tsarin CSV don Excel, ɗaya a tsarin PMID kawai, wato lambar da PubMed ke ba kowace maƙala, za a buƙace shi nan gaba. A jadawalin ka buɗe waɗannan layuka: lambar PMID, lambar DOI, shekara, mujalla, irin maƙala, matsayin mai binciken a jerin marubuta, yawan marubuta, da yawan ambato. A saman shafin ka rubuta ranar da ka ɗauko alƙaluman da rumbun da ka ɗauko su, domin ambato yana ƙaruwa kowane mako.

Ka cire maimaici. Maƙalar da aka fara sakawa a bioRxiv ko medRxiv kafin a tantance ta, sannan ta fito a mujalla, aiki ɗaya ne, kodayake Google Scholar yakan jera su biyu. Taƙaitaccen bayanin taron ƙara wa juna sani, da sanarwar gyaran kuskure, da wasiƙa zuwa ga edita, duk ba a lissafa su cikin maƙalun bincike.

Wani abu kuma da ya shafi kumburi kai tsaye: idan kana son ware maƙalun kumburi daga sauran aikinsa, taken Inflammation na MeSH, jerin taken da PubMed ke rarraba maƙalu da su, shi kaɗai ba ya wadatarwa. Amosanin gaɓoɓi na rheumatoid yana ƙarƙashin wani reshe daban, cutar Crohn da ulcerative colitis suna ƙarƙashin cututtukan hanji. Dole ka ƙara waɗannan da hannunka, tare da sunayen sinadaran da yake aiki a kansu, kamar TNF, IL-6, IL-1β, NLRP3 ko CRP.

Rarraba kafin ƙirga

Wannan shi ne matakin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne ya fi amfani. Kowace maƙala ta shiga ɗaya daga cikin rukuni biyar: binciken ɗakin gwaji a kan ƙwayoyin halitta ko dabbobi, nazarin lura a kan mutane, gwajin magani a kan marasa lafiya, maƙalar bita, da maƙalar dabarar aiki ko ƙa'idojin jinya. Alamar Review[pt] a PubMed tana taimakawa wajen ware maƙalun bita, amma ka duba da idonka.

Dalilin rarrabawar shi ne kowane rukuni da irin ambaton da yake ja. Maƙalar bita tana jan ambato fiye da sabon bincike, saboda duk mai rubuta gabatarwa yana neman takarda ɗaya da zai jingina jimlar "kumburi yana da hannu a wannan cuta". Maƙalar Russell Ross ta 1999 a New England Journal of Medicine, wadda ta bayyana toshewar jijiyoyin jini a matsayin cutar kumburi, bita ce, kuma dubban maƙalu sun ambace ta. Ta cancanci hakan, domin ta sauya yadda ake kallon cutar. Amma yawancin maƙalun bita ba irinta ba ne, tattara abin da wasu suka gano ne kawai. Maƙalun dabarar aiki su ma haka suke: takardar Lowry ta 1951 kan auna furotin tana cikin waɗanda aka fi ambata a tarihin kimiyya, ta Livak da Schmittgen ta 2001 kan lissafin qPCR, dabarar auna aikin ƙwayoyin gado, kuwa kusan duk wanda ya auna bayyanar saitokin, sinadaran da ke kai saƙon kumburi, ya ambace ta.

Sai matsayin marubuci. A al'adar binciken lafiya, marubuci na farko shi ne ya yi mafi yawan aikin hannu, na ƙarshe shi ne shugaban ɗakin gwaji da ya tsara aikin ya kuma nemo kuɗinsa. PubMed yana da [1au] don na farko da [lastau] don na ƙarshe, sai dai ba sa kama wanda aka yi wa alamar tauraro cewa ya yi tarayya a matsayin farko, wannan sai an buɗe maƙalar. Abin da ake son gani a tarihin mutum shi ne tafiya: shekarun farko yana gaba, daga baya ya koma ƙarshe tare da ɗalibansa a gaba, kuma sunan tsohon malaminsa ya daina fitowa a kowace takarda. Wanda ya shekara 15 yana tsakiyar jeri ba ragon ma'aikaci ba ne, yana iya zama masanin ƙididdiga ko gwanin wata na'ura da kowa ke buƙata. Sashen gudummawar marubuta ne zai nuna hakan, musamman a mujallun da ke amfani da tsarin CRediT mai ayyuka 14, wanda ke fayyace aikin da kowane marubuci ya yi.

Maƙalun gamayya masu ɗaruruwan marubuta, irin na nazarin ƙwayoyin gado ko manyan gwaje-gwajen asibitoci da yawa, ka ba su layi nasu. Guda uku daga cikinsu suna iya kawo rabin ambaton mutum.

Lissafin kansa

Jorge Hirsch, masanin kimiyyar fiziks a Jami'ar Kalifoniya ta San Diego, shi ya fito da ma'aunin h a 2005. Lissafinsa mai sauƙi ne: jera maƙalu daga mafi yawan ambato zuwa mafi ƙaranci, ka sauko har inda lambar layi ta wuce yawan ambato, lambar layin da ke kafin nan ita ce h.

A ɗauka, don misali, mutum yana da maƙalu goma masu ambato kamar haka: 310, 95, 44, 30, 18, 9, 7, 4, 2, 0. Ta bakwai tana da 7, ta takwas tana da 4, don haka h ɗinsa 7 ne. Jimillar ambato 519, idan aka raba goma kusan 52 ke nan ga kowace maƙala. Amma lambar tsakiya, wato tsakanin 18 da 9, ita ce 13.5, kuma ita ta fi faɗin gaskiyar yadda maƙalarsa ta yau da kullum take. Yanzu a ce mai 310 ɗin bita ce, mai 95 kuma ta gamayya ce inda yake na 60 a jerin marubuta. Cire su biyun, jimilla ta faɗo zuwa 114, h ya koma 5. Mutumin bai sauya ba, amma yanzu ka san abin da aikin hannunsa ya jawo.

Saboda haka lissafi uku ake yi, ba ɗaya ba: na dukkan maƙalu, na sabon bincike kawai, da na maƙalun da yake na farko ko na ƙarshe. Sannan a sake kowanne ba tare da ambaton kai ba. Scopus yana da akwatin cire ambaton kai a shafin Citation overview, Web of Science ma yana nuna jimillar da babu shi a rahotonsa. Ambaton kai ba laifi ba ne, wanda yake gina aiki a kan aikinsa na baya dole ya ambace shi. Abin dubawa shi ne ko h ya rushe da maki da yawa bayan an cire, ko kuma maƙalun da ke daidai bakin iyakar h su ne yake ta ambata.

Ma'aunin h ba ya raguwa, don haka yana fifita tsofaffin hannu ko da sun daina aiki. Hirsch da kansa ya ba da gyara: raba h da yawan shekarun da suka wuce tun maƙalar farko. Mai h 20 a shekara 10 yana da 2, mai h 30 a shekara 30 yana da 1. Ka cire shekarun da mutum ya tsaya don haihuwa, jinya ko aikin asibiti zalla kafin ka raba.

Kada ka gwada alƙaluman rumbu ɗaya da na wani. Google Scholar yana ƙirga kundin digiri, da takardun da ba a tantance ba, da duk abin da ya yi kama da maƙala a intanet, don haka lambarsa ta fi girma kusan kullum. A 2010 Cyril Labbé ya ƙirƙiri wani marubucin bogi mai suna Ike Antkare da takardun da kwamfuta ta rubuta suna ambaton juna, ya kai shi h 94 a lissafin Google Scholar. Idan mutum biyu kake gwadawa, rumbu ɗaya, rana ɗaya.

Gwada kowace maƙala da tsararrakinta

A nan ne fayil ɗin PMID zai yi aiki. Buɗe iCite, shafin kyauta na NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, ka liƙa lambobin. Zai ba kowace maƙala lambar RCR, mai gwada ambatonta da na tsararrakinta, wadda aka bayyana tsarinta a PLOS Biology a 2016. Abin da ya sa ta dace da binciken kumburi shi ne ba ta ɗaukar fagen mujalla a matsayin fagen maƙala. Tana duba takardun da ake ambata tare da wannan maƙalar, ta ɗauke su a matsayin tsararrakinta. Maƙala kan IL-6 a cutar zuciya za a gwada ta da makamantanta ko da a mujallar garkuwar jiki ta fito. RCR 1.0 yana nufin ta yi daidai da maƙalar tsakiya cikin waɗanda NIH ta ɗauki nauyinsu, 2.0 ninki biyu ke nan. Ka ɗauki lambar tsakiya ta RCR ɗin mutum, ba matsakaici ba, saboda dalilin da muka gani a misalin sama. Maƙalun da ba su cika shekara biyu ba, lambarsu ta wucin gadi ce ko ma babu ita, kada a yanke hukunci da ita.

iCite yana kuma nuna maƙalun asibiti nawa ne, wato gwaje-gwajen magani da ƙa'idojin jinya, suka ambaci aikin. Ga mai binciken ɓeraye wannan lamba ce mai daraja, ko da ƙarama ce.

Mai damar shiga Scopus zai ga FWCI, wani ma'auni makamancin RCR, inda 1.0 shi ne matsakaicin duniya ga maƙalu masu shekara ɗaya, iri ɗaya, fage ɗaya. Rauninsa shi ne daga mujalla yake ɗaukar fagen. Idan RCR da FWCI suka saɓa sosai a kan maƙala ɗaya, galibi rabon fage ne ya jawo.

Batun mujalla, a taƙaice

Impact Factor, wanda Eugene Garfield ya assasa kuma Clarivate ke fitarwa duk shekara, ambaton da maƙalun shekaru biyu da suka gabata suka samu a bana ne, a raba da yawansu. Na mujalla ne, ba na mutum ba, kuma 'yan tsirarun maƙalu ne ke ɗaga shi. Sanarwar DORA da aka tsara a San Francisco a 2012 ta ce kada a auna mai bincike da shi. A fagen kumburi akwai ƙarin dalili: annobar korona ta kumbura alƙaluman mujallu da yawa, har The Lancet ta wuce 200 a lissafin da aka fitar a 2022. Duk maƙalar da ta taɓa guguwar saitokin, wato kumburin da ya wuce kima, a 2020 ta sha ambato, mai kyau da marar kyau. Ka ware maƙalun korona na 2020 da 2021, ka ga yadda tarihin mutum yake ba tare da su ba.

Abin da ya fi muhimmanci game da mujalla shi ne ko har yanzu tana cikin rumbunan. A watan Maris na 2023 Web of Science ta cire mujallu 19 na kamfanin Hindawi, ciki har da Oxidative Medicine and Cellular Longevity da ke buga aikin kumburi da yawa, kuma a shekarar kamfanin ya janye maƙalu sama da 8,000, mafi yawansu daga fitowa ta musamman da baƙin editoci suka jagoranta. Fitowa a irin wannan mujalla ba hujjar maguɗi ba ce, masu gaskiya da yawa sun buga a can. Alama ce dai ta a buɗe maƙalar a karanta.

Karanta masu ambaton

Ambato ba ya nufin amincewa. A 2013 Seok da abokan aikinsa suka buga a mujallar PNAS cewa yadda ƙwayoyin gadon ɓeraye ke amsa kumburi bai yi kama da na mutane ba. Takao da Miyakawa suka ɗauki bayanan nan dai, suka sake lissafi ta wata hanya, suka buga a mujalla ɗaya cewa kamar tana da yawa. Duka biyun ana ambatonsu sosai, sau da yawa a jimla guda, don nuna cewa ana jayayya. Lamba ba za ta gaya maka wannan ba.

Don haka zaɓi maƙalu biyar mafi ƙarfi, zai fi kyau mai binciken ya zaɓa da kansa. A kowace ɗaya, ɗauko masu ambato 20 daga shekaru daban-daban, ka nemo jimlar da aka ambace ta. Raba su uku: waɗanda suka jefa ta cikin tarin lambobi a gabatarwa, waɗanda suka yi amfani da dabararta ko bayananta, da waɗanda suka maimaita gwajin suka tabbatar ko suka ƙaryata. Rukuni na biyu da na uku su ne tasiri. Ka duba kuma daga ina masu ambaton suke. Idan ɗakunan gwaji uku ne kawai ke ambaton juna, abin bai fita waje ba.

Tasiri na gaske a wannan fage yana da sawu da ake iya bi. Martinon, Burns da Tschopp sun bayyana inflammasome a 2002, na'urar cikin ƙwayar halitta da ke kunna IL-1β. A 2017 gwajin CANTOS, mai marasa lafiya 10,061 da suka taɓa samun bugun zuciya, ya nuna cewa toshe IL-1β da canakinumab yana rage sake aukuwar matsalar ba tare da rage kitsen jini ba, kodayake mace-mace daga kamuwa da ƙwayoyin cuta sun ƙaru. Gwajin CIRT da ya biyo baya da ƙaramin awo na methotrexate bai rage komai ba, bai ma sauke CRP, alamar kumburi a jini, ba. Wanda ya yi aiki a irin CIRT ya ba da gudummawa babba, domin ya rufe ƙofar da mutane da yawa za su ɓata shekaru a bakinta. Kada a rage wa mutum maki don sakamakonsa ya ce a'a.

Cikin maƙalun biyar ɗin kansu, duba abubuwan da aka san suna lalata binciken kumburi. An raba dabbobin ta hanyar ƙuri'a? Wanda ya duba yankan nama a madubin ƙara girma ya san rukunin da kowanne ya fito? An faɗi jinsi da nau'in ɓerayen, kamar yadda ƙa'idojin ARRIVE na ba da rahoton binciken dabbobi suka buƙata? An gwada furotin ɗin da aka yi amfani da shi ko ya gurɓata da endotoxin, gubar ƙwayoyin bakteriya da ake kira LPS? Wannan na ƙarshe ya sha kunyata mutane, domin ɗan ƙaramin LPS ya isa ya sa macrophage, ƙwayar garkuwar jiki, ya zubo TNF, a ɗauka sabon sinadarin ne ya yi aikin. Idan gwajin mutane ne, an yi masa rajista kafin a fara, kuma abin da aka ce za a auna shi aka ba da rahoto a kai?

Janyewa da alamun maguɗi

Haɗa sunan marubucin da "Retracted Publication"[pt] a PubMed, sannan ka duba rumbun Retraction Watch, wanda Crossref ta karɓa ta buɗe wa kowa a 2023. Zotero ma yana sa jan tambari a kan maƙalar da aka janye idan ka loda jerin. Maƙalar da aka janye tana ci gaba da tara ambato shekaru bayan haka, kuma rumbunan ba sa cire wannan ambaton daga h da kansu, kai za ka cire. Ka karanta dalilin janyewar: wanda ya gano kuskurensa ya nemi a janye ba ɗaya yake da wanda aka kama da hoton gwajin furotin na Western blot guda a takardu uku ba. Akwai kuma sanarwar nuna damuwa, wadda ba ta kai janyewa ba, kamar wadda New England Journal of Medicine ta fitar a 2005 kan gwajin VIGOR na rofecoxib, shekara guda bayan an cire maganin daga kasuwa. Shafin PubPeer yana nuna ƙorafin da ba a kai ga hukunci a kansu ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ke fitar da maƙalu huɗu a shekara ya koma 40, ko ya yi tsalle daga amosanin gaɓoɓi zuwa fannoni biyar da ba su da alaƙa, tare da abokan rubutu da ba ya sake aiki da su, ko ambatonsa ya taru daga mujalla ɗaya da yake edita a cikinta, duk abubuwan tambaya ne. A tambaye shi kafin a rubuta komai, domin shiga babbar gamayya ma tana kawo irin wannan tsallen.

Rubuta rahoton

Shafi ɗaya ya isa. A sama, rumbu da rana da kalmomin binciken da ka yi amfani da su, yadda wani zai iya maimaitawa. Sai ƙaramin jadawali: yawan maƙalu a kowane rukuni, h na duka da na sabon bincike da na matsayin farko ko ƙarshe, kowanne da ambaton kai da kuma babu shi, lambar tsakiya ta RCR, da yawan ambaton asibiti. Maƙalun gamayya da na korona su zauna a layinsu. Ragowar shafin na maƙalun biyar ne, kowace da jimla biyu ko uku: me aka gano, me mutumin ya yi da hannunsa, wa ya ɗauki sakamakon ya yi aiki da shi. Idan akwai bayanan da ya saka a GEO, rumbun bayanan ƙwayoyin gado, ko wani rumbun da wasu suka sake amfani da su, a rubuta lambar shigarsu, domin masu amfani da bayanai sukan ambaci lambar su manta da maƙalar. Ka ajiye fayil ɗin PMID da jadawalin tare da rahoton, idan za a sake dubawa bayan shekara sai a ƙara sabbin maƙalu kawai a sake loda shi a iCite.